Ranar da Na Raba Fuskar Dogo Mai Randa

Duk wanda ya ce muku ni Abdulganiyu ba ni da basira, ku turo shi unguwarmu Nima, a nan Accra, ya ga aikin hannuna. Allon shagon askin da ke bakin kasuwa ni na zana shi, kawuna shida reras, ko da yake mahassada na cewa duk shidan da ni suke kama. Rubutun bayan motocin tirotiro kuwa, daga nan har Tudu, rabi nawa ne. Basira kam akwai ta, har ta yi mini yawa, kuma yawan nata ne ya jawo abin da zan ba ku labari.

A majalisarmu ta shan shayin ataya abin ya faro, ana saura sati uku a fara azumi. Musu ya kaure a kan wani fim ɗin Turawa da aka sake yi. Wai aljanin da ke ciki a da fari ne, yanzu an ba wani baƙin mutum ya fito a matsayinsa, duniya ta ɗauka kamar an yi saɓo.

Wani ya ce, "Sun ɓata labari!"

Wani ya ce, "Aljani ɗan wace ƙasa ne? Ka taɓa ganin fasfonsa?"

Na bari sai da suka gaji, sannan na kurɓi ataya na ce, "Turawan nan kuɗi gare su, dabara ce babu. Ni da ne, jarumi ɗaya zan fito da shi, kowa ya kalle shi ya rantse ɗan'uwansa ne."

"To ga Dogo Mai Randa nan," in ji su. "Yi mana wasansa da Sallah mu gani."

Na ce, "An gama." Ko kofin ban ajiye ba.

Dogo Mai Randa tatsuniya ce da duk wanda ya tashi a layinmu ya sha a bakin Hajiya Maiturare, tsohuwar da ta haura shekara casa'in kuma har yanzu ba ta yarda a riƙe mata hannu. Wai lokacin da baƙi na farko suka yada zango a Accra, sun tarar da ruwa shimfiɗe har iyakar gani, amma duk gishiri ne. Sai wani ƙato, wanda kansa ke goga gajimare, ya koma arewa ya juye kogi guda cikin randa, ya ɗoro a ka, ya yi tafiyar kwana arba'in bai sauke ba. Inda ya zuba ruwan nan ne ya zama rafin unguwarmu, wanda albarkacin ƙoƙarinmu yanzu ya zama babbar kwata.

Matsalar Dogo ɗaya ce, kowa nasa ne. Shekarar da 'yan Islamiyya suka yi wasansa suka sa masa babbar riga, matan Dagomba sun yi sati suna tsaki. Da wani mai shirin rediyo ya sa masa Zabarmanci a baki, sai da aka buga masa waya aka tambaye shi ko uwarsa ce ta haifi Dogon. Ni kaina na taɓa zana shi a jikin tankin mai sayar da ruwa, kafin kwana uku wani ya yi masa tsaga da gawayi, wani ya goge ya yi masa bille, wani ya ƙara masa gemu. Duk na san wannan. Amma ina da dalilin da ya fi musun majalisa.

Dalilin sunanta Ruhaina, tela ce a Maamobi. Shekara biyu ina kai mata wandunan da lafiyarsu ƙalau tana rage musu tsawo, har ta gane, ta ce in je in ga babanta kafin wandunana su koma gajeru duka. Babanta Afa Issifu, malami ne kuma dattijon Dagomban layinmu, mutumin da idan ya kalle ka sai ka tuna sallolin da ka rama da waɗanda ba ka rama ba. Ranar da na je gaishe shi, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Kai ɗan wace ƙabila ne?"

Gaskiyar magana, kakana na wajen uba Basakkwace ne, fataucin goro ya kawo shi. Matarsa Bakotokola ce. Kakana na wajen uwa Bamoshe ne, matarsa kuma 'yar ƙabilar Ga ce mai sayar da kifi. Ni kuwa a asibitin Maamobi aka haife ni, ban taɓa wuce Kumasi ba. Maimakon in faɗi haka, sai na ji bakina na cewa, "Baba, ai mu ma Dagomba ne ta wajen uwa."

Afa ya juya harshe ya yi mini dogon jawabi da Dagbanci. Kalma ɗaya na sani a yaren, wadda ake amsa gaisuwa da ita, na yi ta jera masa "Naa, naa," har ya yi shiru. Sannan ya ce da Hausa, "Bayan Sallah za ka ji amsata."

Tun daga ranar na ƙudurta cewa sai na yi abin da zai sa Afa ya miƙo mini Ruhaina da hannu biyu. Ga kuma Dogo ya faɗo.

A layinmu ba a kafa ko benci ɗaya don taro sai an kai wa dattawa goro. Na sayi goro na raba kashi uku, na fara da gidan Afa.

"Wasan Dogo?" Karon farko ke nan na ga haƙoransa. "Ka san dai Badagombe ne."

"Baba, wa bai san wannan ba?"

"Batakari zai sa, rigar saƙinmu. Da tsaga a kunci, irin wannan." Ya nuna nasa kuncin. "Ni zan kawo makaɗa."

Na fito ina tafiya kamar an riga an ɗaura. Daga nan na zarce shagon Alhaji Abdulaziz a Adabraka, dattijon Hausawa, don shi ke da rumfunan taro da sifika.

"Madalla da yaron kirki," in ji Alhaji. "Lokaci ya yi da za a nuna wa mutanen nan gaskiya. Dogo Bahaushe ne gaba da baya. Kuma fari ne, ka ji? Fari tas, jinin gabas, kamar kakanninmu."

Na dubi Alhaji. Allah ya gani, ni baƙi ne, amma in na tsaya kusa da Alhaji sai a ce Balarabe ya zo. Na ce, "Alhaji, kamar ka shiga zuciyata. Fari tas."

Saura Baba Imurana, dattijon Zabarmawa mai shagon atamfa a Zongo Lane. A gidansa kaɗai ake da babbar randa irin ta da, wadda uwarsa ta bari. Na yi niyyar in karɓi randa in gudu kafin a kai ga zancen ƙabila. Ina! Tun ban gama sallama ba ya tare ni.

"Wa ya san ɗaukar ruwa a garin nan in ba Bazabarme ba? Bahaushe ya ɗauki kogi? Bahaushe sai dai ya zauna a inuwa ya saya, ya kuma nemi ragi. Rawani za ka naɗa masa, ka rataya masa takobi. In ban ga rawani ba, randata ba ta fita."

Na ce, "Baba, rawani har da jela."

Sai da na shiga tirotiro na zauna, sannan lissafin ya sauko mini. Dogo ɗaya, dattawa uku, kuma ranar duk za su zo. Da wani ne, da ya koma ya ba da haƙuri. Ni kuwa kafin mu kai Nima, basirar nan tawa ta motsa, har na daki cinyar mutumin da ke kusa da ni don murna, ya ce in daki tawa.

Ga dabarar. Layinmu doguwa ce siririya, daga masallaci ta gangara zuwa kwata, taku sittin. Zan jera Dagomba a hagu, Hausawa a dama, Zabarmawa kuma a can sama wajen masallaci, in ce musu wurin manya ne. Dogo zai fito daga gabansu ya miƙe sambal zuwa ƙasa, inda zan rataya labule. Na hagu su ga hagunsa, na dama su ga damansa, Zabarmawa su ga bayansa. Gaba kaɗai ne ba a so kowa ya gani, kuma ba wanda zai zauna a nan.

Na ɗauki batakari da babbar riga na kai wa Ruhaina, na ce ta raba kowacce biyu ta haɗa rabi da rabi.

Ta tsayar da keke ta dube ni. "Abdulganiyu, ka ci abinci yau?"

"Fasaha ce, ba za ki gane ba sai kin gani."

"Na gane sarai. Ƙarya ce ka kawo in yi mata ɗinki."

"Ba ƙarya ba ce. Kowa zai ga abin da yake so."

"Babana ba abin da yake so yake nema ba. Ka san me ya tambaye ka rannan da Dagbanci? Cewa ya yi, 'Ƙarya kake yi, ko ba haka ba?' Ka ce masa naa har sau huɗu."

Na daure na ce, "Ai shi ya sa nake so in gyara."

"Da wannan?" Ta ɗaga rigunan. "To zan ɗinka, don in na ƙi, wani telan za ka kai wa, Maamobi duka su ji. Amma ka sani, in babana ya ce a'a, ba zan tsallake maganarsa ba. Kuma ba na so ya ce a'a."

Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai na ɗauka, sauran na bar mata a shago.

Wanda zai fito a Dogo bai ba ni wahalar nema ba. Fataw mai tura kura a kasuwar Nima, ƙato ne da sai ya sunkuya yake shiga masallaci, ga haƙuri, ga ladabi. Ladabin nan ne ma matsalarsa. Badagombe ne na gidan tarbiyya, ba ya wuce babba a tsaye, sai ya durƙusa ya gaishe shi. Ranar gwajin farko, taku sittin ɗin nan sai da muka yi kusan awa, don ya durƙusa wa ladan, ya durƙusa wa mai koko, ya durƙusa wa wani tsoho da ashe hanya kawai yake tambaya.

Na ce, "Fataw, Dogo ba ya gaisuwa. Ba ya magana, ba ya waiwaye, ba ya juyawa. Ko sama za ta faɗo, ka miƙe."

"Oga, in babba ya gaishe ni fa?"

"Ba kai ba ne ranar. Dogo ne."

"Dogo ba shi da iyaye?"

"Ba shi da su!"

Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Allah sarki. Shi ya sa."

Washegarin Sallah bayan la'asar, layinmu ya cika har kan katangu. Na ɓoye Fataw a zauren da ke jikin masallaci na yi masa aikin da ban taɓa yi wa allo ba. Rabin dama, daga goshi har yatsun ƙafa, na shafe da farar ƙasa da na dama da hoda, ya fito fari, ko da yake farin ya fi kama da na bangon da aka yi wa farar Sallah. Kuncin hagu na zana masa tsaga irin ta Afa. Rawani na naɗe shi ya zama gammo a ƙarƙashin randa, jelarsa ta sauko ta baya, takobi a gadon baya. Randar kuma na sa aka cika ta taf, don na ce wasana ba na ƙarya ba ne.

Dagomba suka zauna a hagu da makaɗansu. Hausawa a dama, Alhaji ya zo da maroƙinsa ba tare da ya gaya mini ba. Zabarmawa a sama, Baba Imurana a kujerar gaba yana ta murmushi don an fifita shi. Afa da Alhaji kuwa na ajiye su daidai tsakiyar layi suna fuskantar juna, don kada wani ya ce an sa shi a baya. Na hau tebur kusa da labule da makirfo a hannu. Na hango Ruhaina cikin mata, ta rufe rabin fuskarta da mayafi kamar mai jiran a yi mata allura.

Ina shirin buɗe baki sai ga Hajiya Maiturare ta keto taro, sanda a hannu ɗaya, kujerar tsugunne a ɗayan. Ta zo ta dasa kujerar a gaban labule, tsakiyar hanya cif, wurin nan ɗaya da na haramta.

Na sunkuya na raɗa mata, "Hajiya, nan ba a zama, don Allah." Na manta makirfo na kunne. Layi duka ya ji.

Ta ce, "Ni na haifi labarin nan, kai kuma ka ce ba zan ga fuskarsa ba? Fara abinka."

Aka yi tafi. Ba yadda na iya, na gyara murya na ce, "Jama'a! Ga shi nan tafe! Dogo Mai Randa, ɗan babbar ƙabila, ƙabilar da kowa ya sani ba sai an faɗa ba!"

Ɓangarori uku suka ɗauki shewa lokaci ɗaya. Fataw ya fito.

Jama'a, ku bar ni in yabi kaina kaɗan, don daga nan ba sauran yabo. Taku ashirin na farko, abin ya yi kyau har na ji ƙwalla. Dagomba suna ganin batakari da tsaga suka miƙe. Hausawa suna ganin farin mutum cikin babbar riga suka hau kabbara. Baba Imurana ya nuna takobi da sandarsa yana cewa, "Kun gani? Kun gani?" Na ce a raina, Abdulganiyu, Turawa su zo su ɗauki darasi.

Sai maroƙin Alhaji ya buɗe maƙogwaro. "Bahaushe ɗan Bahaushe! Fari mai farar aniya!"

Dagomba suka dubi juna. Wane farin? Makaɗansu suka ɗauka tsokana ce, suka ƙara wa ganga wuta suna yi wa Dogo kirarin gidajen arewa. Wani Bazabarme daga sama ya yi ihu, "Ku makafi ne? Ba ku ga takobi ba?" Na matsa makirfo a baki ina ta surutu don in danne su, ina cewa Dogo ya ratsa daji, Dogo ya ratsa dutse, har na ce ya ratsa Kumasi sau biyu.

Fataw dai na tafe, gumi na tsatsafo masa, randa na rawa kaɗan-kaɗan. Taku talatin, ya iso daidai tsakanin Afa da Alhaji. Saura talatin in zama ango.

Afa Issifu, mutumin da bai taɓa yi wa kowa fara'a a bainar jama'a ba, ranar farin ciki ya kama shi. Ya ɗaga hannu ya gaida Fataw da Dagbanci, gaisuwar sannu da aiki, a hankali, irin ta uba da ɗa.

Fataw ya tsaya cik.

Na ce a makirfo, "Dogo ba ya tsayawa!"

Ƙafarsa ɗaya ta ɗaga, ta koma.

"Dogo ba shi da iyaye!" na faɗa da ƙarfi, har sifika ta yi ƙara.

Ina! Tarbiyyar shekara talatin ba ta jin sifika. Fataw ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Afa, ya durƙusa da randa a ka, ya ce, "Naa."

Ganga ta mutu a hannun makaɗa. Afa ya ga mutum rabi baƙi rabi fari, riga rabi saƙi rabi shadda, da ɗinkin 'yarsa a tsakiya tsaf. Hausawa suka ga takobi da jelar rawani. Zabarmawa suka ga batakari da tsaga. Wata mata ta ce, "La'ilaha illallahu, wannan Dogo ne ko tutar wata ƙasa?"

Alhaji ya buga sanda a ƙasa. "Kai! Wane marar kunya ne ya ba ni baya?"

Fataw ya ji ya yi wa babba laifi, ya zabura ya juyo don ya ba da haƙuri. Ni kuma na diro daga tebur na ruga in riƙe shi. Muka haɗu a tsakiya. Fataw ya cafe randar da hannu biyu, Allah ya taimake ni ba ta fashe ba, amma kogin da ke ciki gaba ɗaya a kanmu ya sauka. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Makirfo ya yi tari ya mutu. Farar ƙasa ta dalalo daga jikin Fataw ta bi ta kaina, kafin in goge ido jinin gabas ɗin Alhaji ya koma kan fuskata da sabuwar rigar Sallata.

Layi ya rikice. Alhaji na cewa an ci mutuncin Hausawa. Baba Imurana ya gangaro yana cewa a ba shi randarsa tun ba a ce ita ma 'yar Sakkwato ba ce. Alhaji ya ce masa ai da ma Bazabarme bayan mutane ya saba gani. Baba ya ce gara shi, bai taɓa duba madubi ya ga Balarabe ba. Daga nan sai suka tuna wanda ya haɗa su, duk suka juyo kaina.

"Ba kai ka ce mini fari tas ba?"

"Ba kai ka ce rawani har da jela ba?"

Afa kuwa kallona kawai yake yi, kuma na gwammace zagin waɗancan sau goma. Na nemi Ruhaina da ido, na ga ta rufe fuskar duka. A nan na san na rasa ta, kuma wallahi ji na yi kamar in shige kwatar nan in bi ruwa.

Sai aka ji dariya. Hajiya Maiturare ce, ta riƙe ciki tana yi har sanda ta faɗi. Dole aka yi shiru, don ba wanda ke ɗaga murya a kan tata.

"Abdulaziz," ta ce, ba ko Alhaji, don a gabanta aka yaye shi. "Wa ya ce maka Dogo Bahaushe ne?"

"Ke, Hajiya."

"Ni ce. Ranar da aka yi maka kaciya kana ihu ka hana unguwa sakat. Na ce Dogo Bahaushe ne, kuma bai yi kuka ba. Farin kuwa kai ka ƙara abinka." Jama'a suka kwashe, Alhaji ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. "Kai Imurana, ka zo mini da kuka yara sun ce ubanka ɗan ga-ruwa ne. Na ce Dogo ma ɗan ga-ruwa ne, kuma Bazabarme. Issifu, an kawo ka daga arewa ba ka jin Hausa ko ta zo in kashe ka, kana zaune kai kaɗai a bakin rafi. Me zan ce maka?"

Afa ya sunkuyar da kai.

Wani daga baya ya ce, "To Hajiya, ainihin kamanninsa fa?"

"Wa ya gani? Mutum kansa na cikin gajimare, su kuma ƙishi na kashe su. Randa suke kallo." Ta juyo kaina. "Abin da ka yi, ni ma shi nake yi shekara saba'in. Amma ni ɗaya-ɗaya nake faɗa, a kunne, ga yaron da ke kuka. Kai kuwa ka tara su wuri guda ka kawo sifika. Zo nan. Kai me na ce maka?"

Na tsaya ruwa na ɗiga daga haɓata. Na tuna, kuma ban so na tuna ba. Ina ɗan shekara takwas, yara suka raba ƙwallo ƙabila-ƙabila, kowane ɓangare ya ce ni ba nasu ba ne, suka ce in riƙe musu takalma.

Na ce, "Cewa kika yi Dogo ɗan Zango ne. Kakanninsa huɗu, kowanne ya ba shi tsawonsa, shi ya sa ya kai gajimare."

"To me ya hana ka nuna wannan?"

"Kunya, Hajiya."

Afa Issifu ya miƙe. Ya tako har gabana, ya tsaya daidai saitin fuskata, ba hagu ba dama.

"Kai ɗan wace ƙabila ne?"

Babu makirfo, babu labule. Na ce, "Baba, kakana ɗaya Basakkwace, ɗaya Bamoshe. Kakata ɗaya Bakotokola, ɗaya 'yar Ga. Ban iya yaren kowa ba sai Hausar Nima. Dagbanci kuma, naa ɗin nan ita ce farko ita ce ƙarshe."

"Na sani," in ji shi. "Uwar Ruhaina Bamoshiya ce, ta san kakanka. Na tambaye ka ne don in san ƙofofin da za a kai goron biki, sai ka kawo mini ƙofar da ba taku ba. 'Yata ba ƙabila za ta aura ba, amma ba zan ba mai fuska uku ba." Sai ya ƙara da cewa, "Dogo kwana nawa ya yi da ruwa a ka?"

"Arba'in, Baba."

"Famfon layin nan sai ya ga dama yake kawowa. Kwana arba'in za ka kai ruwa gidan Alhaji, da gidan Imurana, da gidan Hajiya. A ka, ba a kurar Fataw ba. In ka gama da fuskar nan ɗaya, ka turo manyanka. Duka ƙofa huɗun."

Alhaji ya ce gidansa bene ne, a lura. Baba Imurana ya ce shi zai koya mini naɗa gammo, tunda abin gadonsu ne. Fataw ya durƙusa ya yi wa kowa godiya, har da ni.

Na yi kwana arba'in ɗin, jarka bayan jarka, wuyana ya shige cikin kafaɗa. 'Yan majalisa suka raɗa mini Gajere Mai Jarka, kuma sunan ya bi ni har kan katin biki. An ɗaura aure bayan Babbar Sallah, dangi huɗu suka zo, aka yi musu a kan abincin wa ya fi daɗi har aka tashi.

Ruhaina ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah ya saka mata. Abu ɗaya ne dai. Har yau in na yi mata alkawari, ko na cefane ne, sai ta ajiye almakashi, ta zagayo ta ɗaya gefen nawa, ta ce in sake faɗa.